Ranar da Ba-Ta-Gajiya Ta Gaji

Tun bayan laccar jami'a, labarin ƙanena ya zama abin taɓawa a kowane taro, kuma duk bakin da ya bi ta kansa sai ya ƙara masa gishiri. Wasu na cewa gobara ta tashi a ɗakin taron, wasu na cewa an fitar da ni a sume. Ba a yi gobara ba, ni kuma ban taɓa suma a gaban jama'a ba. Tun da na ƙare ƙuruciyata ina shugabantar makarantar 'yan mata, ina koyar da kimiyya, ina hana yara faɗin abin da ba su tabbatar ba, ya zama wajibi in tsara maganar yadda ta faru.

Ƙanen nawa shi ne autan mahaifiyarmu, kuma har yau Auta nake ce masa, ko da yake furfura ta cinye masa gemu. Mutanen layinsu Injiniya suke kiransa, sunan da shi ya raɗa wa kansa. Aikin da ya yi kuwa akawu ne a ofishin ruwa, kuma bai taɓa riƙe sifana ba sai bayan da aka sallame shi da kyautar agogon bango. A makon da ya yi ritaya ya kwance agogon don ya ga abin da ke ciki. Har yanzu yana ciki, a kwali.

Bara ya haɗa wani abu da ya sa wa suna Ba-Ta-Gajiya. Tayar keke ce ya kafa a tsaye a kan ƙafafun tsohon gadon mahaifiyarmu, ya ɗaure kwalabe a kewayenta, kowace da ruwa zuwa rabi. A ganinsa, ruwan da ke gangarawa a gefe ɗaya zai riƙa rinjayar ɗaya gefen, tayar ta yi ta juyawa har abada, ba mai, ba lantarki. Ya ajiye ta a barandar shiga gidansa, wadda ƙuncinta ya sa ba mai wucewa sai ya karkace. Mai gyaran keke na bakin layi ya cika mata giris, don haka in an juya ta takan daɗe ba ta tsaya ba.

Amma ta tsaya, kamar yadda kowace taya take tsayawa. Auta ya ƙi cin abinci, ya ce akwai ƙarfen da ya rage, ya kwance injin markaɗen matarsa yana nemansa. Da ta sake tsayawa, ya kwance fankar ɗaki. Matar tasa, wadda har yanzu Amarya muke ce mata duk da jikokinta, da ta ga idonsa ya fara sauka a kan firij, sai ta bi ta barandar da tire a hannu, ta ɗan taɓa tayar da gwiwar hannu. Ran nan Auta ya ci abinci har da ƙari.

Daga nan abin ya zama ɗabi'ar layin. Duk wanda ya shigo gidan, sai ya yi sallama da baki, ya tura taya da hannu. Mai keke yana turawa, tela yana turawa, mai wanki na bayan katanga yana turawa in ya kawo guga. Idan Auta ya zauna ya zuba mata ido har ta fara sanyi, sai Amarya ta ɗaga murya daga ciki ta ce, "Maigida, shayinka zai huce." Kafin ya dawo da kofi, wani ya yi abin da ya dace. In dare ya yi kuwa, shi da kansa yake soka mata itace ya tsayar da ita, wai kada ƙararta ta jawo ɓarayi.

A lokacin, ni dai ban taɓa sa mata hannu ba. Sau ɗaya na gaya masa gaskiya ƙarara, ya dube ni da tausayi ya ce, "Yaya, hassada ba ta dace da shekarunki ba." Daga ranar na bar shi da tayarsa.

Ana nan sai jami'a ta sanar da cewa ta gayyato manyan baƙi biyu daga ƙasar waje su yi lacca ga kowa da kowa, kyauta. Ɗaya masanin fiziks ne, wato ilimin motsi da ƙarfi da haske, ɗayar kuma dattijuwa ce masaniyar haɗa sinadarai, kuma kowannensu ya ci babbar lambar yabo ta duniya a fanninsa. Kwamitin shirye-shirye ya zaɓe ni in yi jawabin godiya a madadin mutanen gari. Ba ƙaramin abu ba ne, domin akwai tsofaffin abokan aikina da suka sa rai da shi. Suna shi ne dukiyar malamar da ta yi ritaya, kuma nawa ban same shi a hanya ba. In aka ce ƙanen malamar kimiyya ya hau dandamali da injin da ya saɓa wa darasin farko na aji ɗaya, magana biyu za a yi: ko ba ta sani ba, ko ta kasa koyar da 'yan ɗakinsu.

Washegarin sanarwar sai ga Auta a falona, ko zama bai yi ba.

"Yaya, kin ji sa'a? Sun zo har gida."

"Su wa?"

"Abokan aiki."

"Auta, zauna. Abin da mutumin nan zai faɗa shi ne abin da na faɗa maka bara. Ƙarfi ba ya fitowa daga babu."

"Shi ya sa zan je. Bai gani ba ne, kuma gani ya kori ji."

"In ya gani fa?"

"Sai mu raba lambar. Ni ba mai haɗama ba ne. Shi ya riƙe igiyar ratayawa, ni in riƙe ƙarfen."

"Ka tuna ni ce zan yi jawabin godiya."

"To ai an ɗaukaka ki. Za ki gode wa mutum uku maimakon biyu, ɗaya kuma nono ɗaya kuka sha."

Da na ga ba ta nan ba, sai na tafi wurin Amarya, na same ta a kicin, na ce lokaci ya yi da za ta faɗa masa wanda ke juya tayar nan. Ta ajiye ludayi ta dube ni.

"Yaya, ke in kin fasa ƙwan nan, gidanki za ki koma ki miƙe ƙafa. Ni kuwa firij ɗaya gare ni."

Hujjarta ta fi tawa nauyi, na juya na koma gida.

Shi kuwa Auta shiri ya shiga gadan-gadan. Da farko ya ce rashin ladabi ne a burge baƙo ɗaya a bar ɗaya, saboda haka dole injin ya ƙunshi sinadari. Ya zubar da ruwan kwalaben, ya cika su da wani haɗi nasa na ruwan ɗumi da sukari da yis da jan rini, ya toshe bakunansu da guntayen roba. Da Amarya ta tambayi dalilin yis, ya ce, "Abin da ya tayar da burodi zai kasa tayar da taya?"

Bayan haka ya ce manyan masana ba sa yarda da injin da ba ya aiki, don haka sai an gwada ta da kaya. Aka ciccibi Ba-Ta-Gajiya zuwa shagon tela, aka haɗa ta da keken ɗinki da bel. Auta ya yi gyaran murya, ya juya ta. Tayar ta yi rabin zagaye ta tsaya cak. Auta ya sunkuya yana leƙen keken ɗinkin, ya ce wa mai keke, "Akwai abin da ya cije a cikin wannan. Miƙo min sifana."

Tela ya san abin da ya sami injin markaɗe. Akwai yadi da ya zubo daga teburin har ƙasa, sai ya zura ƙafarsa ƙarƙashi ya ɗora a kan feda. Nan take allura ta fara rawa, bel ya ja, Ba-Ta-Gajiya ta tashi.

"Kun gani?" in ji Auta. Ya matsa kusa da tayar yana yi mata magana kamar mai lallashin doki. "Ƙara, 'yar albarka. Ƙara."

Tela, bawan Allah, ya ɗauka da shi ake, ya ƙara. Tayar ta yi gudun da ba a yi ta dominsa ba, kwalba guda ta tsinke ta fita ta taga, ta haye katanga. Aka ji fashewarta. Can sai ga mai wanki ya shigo riƙe da farin zanen gado, wanda yanzu ya koma kamar an yanka rago a kansa.

"Injiniya, na otal ne. Gobe za su karɓa."

"Ka yi haƙuri, malam. Ci gaba ba ya zuwa ba tabo. Za a sa sunanka a tarihi."

"A bar tarihin, a sa ni a sabulu."

"Matsalarku ke nan, ba kwa hangen nesa."

"Na hanga. Har laccar zan je in ƙara hange."

Ya fita yana ƙunƙuni. Mai keke ya ce wa tela a hankali, "Ka ga abin da ƙafarka ta jawo." Tela ya ce, "Ƙafata ta ceci abincin 'ya'yana." Auta kuwa ya koma gida yana gaya wa duk wanda ya tare shi cewa injinsa ya ɗinka riga, har ƙarfi ya yi masa yawa ya fara jifa.

Abin da ya faru a hanya ranar laccar ban gani da idona ba, direban da ya ɗauke su ne ya ba ni labari daga baya. An ɗora tayar a bayan buɗaɗɗiyar motar kaya, Auta ya ƙi zama a gaba, ya tsaya kusa da ita cikin sabuwar riga. Da motar ta hau babban titi, iska ta kama kwalaben, tayar ta shiga juyawa kamar farfela. Auta ya riƙe hula da hannu ɗaya, yana nuna wa masu wucewa da ɗayan, yana cewa ko ita ta san inda za ta. Rana kuwa tana dukan kwalaben tun daga gida har jami'a.

A ƙofar jami'a mai gadi ya tsayar da su.

"Baba, wannan fa?"

"Kayan lacca."

"Na baƙin ne?"

"Dominsu aka kawo."

Mai gadi ya ƙame ya buɗe ƙofa, har ya kira ma'aikatan ɗakin taro. Su kuma tun safe suke jigilar kayan gwajin baƙin, kwalabe da igiyoyi da ƙarafa waɗanda ba su san kansu ba, don haka ba su ga abin mamaki a tayar keke mai jan ruwa ba. Suka ɗauke ta da girmamawa, suka kafa ta a kan dandamali ƙarƙashin manyan fitilu, suka lulluɓe ta da ƙyalle.

Na iso da wuri, cikin farin mayafi, jawabina a jaka. Aka zaunar da ni a layin gaba, tsakanin shugaban jami'a da wata tsohuwar abokiyar aikina, wadda ta so ƙwarai a ce ita aka ba jawabin. Ina gyara zama idona ya sauka a kan lulluɓaɓɓen abin nan. Ƙyallen bai kai ƙasa ba. Ƙafar gadon mahaifiyata kuwa ko cikin dubu zan gane ta. Na waiwaya, sai ga layi guda cike da mutanen unguwar Auta, shi a tsakiya yana ɗago min hannu, mai wanki a ƙarshe ya harɗe hannuwa.

Dattijuwar ce ta fara, wani matashin malami yana yi mata tafinta. Ta zuba ruwa fari a kan ruwa fari, ya koma shuɗi, ya washe, ya sake komawa shuɗi, yara 'yan makaranta suna ta tafi. Ta yi bayani mai daɗi a kan sinadaran da ke gaggauta aiki ba tare da su sun ƙare ba. Da a ce wata rana ce daban, da na saurara da dukan zuciyata. Ran nan kunnena ɗaya yana baya, inda nake jin Auta yana cewa, "Shuɗi kawai? Bari ta ga ja."

Sai masanin fiziks ya tashi, dogon mutum mai fara'a. An rataye wata ƙatuwar ƙwallon ƙarfe da igiya daga rufin ɗakin. Ya jawo ta har ta taɓa hancinsa, ya sake ta, ya tsaya bai motsa ba. Ƙwallon ta tafi can, ta dawo da gudu, mata suka rufe ido, ta tsaya gab da hancinsa ta koma. Ya ce, ta bakin tafinta, ba ta taɓa dawowa da fiye da abin da aka ba ta. Haka kowane inji yake a duniya: abin da ka zuba shi za ka kwasa, har da ragi, kuma ba a taɓa yin wanda ke tafiya da kansa ba.

"Tasa ko inda ta tashi ba ta kai ba," in ji Auta, da muryar da ya ɗauka raɗa ce.

Baƙon ya juya zai ɗauki alli, sai ya ga abin da ke lulluɓe. Ya tambayi dattijuwar ko nata ne, ta girgiza kai. Ya tambayi tafinta, tafinta ya tambayi ma'aikata, ma'aikata suka dubi juna. Sai Auta ya miƙe, ya gyara hula, ya ratso tsakiyar jama'a yana cewa a ba shi hanya. Na dubi ƙasa ina fatan ta tsage.

Ya yaye ƙyallen da kansa. Ya karɓi makirufo daga hannun tafinta, aka roƙe shi ya mayar, ya yi bayanin ruwan da ke rinjayar ruwa, ya ƙare da cewa bai zo don ya kunyata kowa ba, ilimi kogi ne. Na zaci za a kira masu gadi. Amma baƙon fuskarsa ta cika da murna kamar wanda aka kawo wa tsaraba. Ya zagaya tayar, ya yaba giris ɗin, ya tambayi tun yaushe take juyawa.

"Tun bara," in ji Auta. "Ban da dare, saboda ɓarayi."

Baƙon ya ce madalla. Ya sunkuya ya zana da'ira da alli a kewayen tayar, ya ce Auta ya juya ta sau ɗaya, sa'an nan kada kowa ya tsallake layin nan, shi kuma zai ci gaba da laccarsa a gefe. Auta ya yi dariya ya ce wannan ai wasan yara ne. Ya juya ta, ya fito daga da'irar, aka ba shi kujera a kan dandamali ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya.

Ban san abin da baƙon ya faɗa bayan nan ba, kuma ina shakkar akwai wanda ya sani. Ɗakin nan kaf taya yake kallo. Da farko ta yi gudu abin sha'awa. Can ta fara sassautawa. Na waiwaya layin unguwa. Hannun mai keke yana ɗagawa yana komawa kan gwiwarsa. Ƙafar tela tana taka fedar da babu ita. Jim kaɗan mai keke ya miƙe, ya bi ta gefen dandamali kamar mai neman ban-ɗaki, ya fara karkacewa yadda aka saba a baranda, wani ma'aikaci ya kama hannunsa ya nuna masa ɗaya ƙofar.

Kwalaben suna hawa da ƙyar, kamar tsohuwa a matakala. Sai aka ji muryar mace daga tsakiyar jama'a.

"Maigida, shayinka zai huce."

Auta har ya fara miƙewa kafin ya tuna inda yake. Amarya ta rufe bakinta da mayafi. Tayar ta kai kwalba ɗaya sama, ta yi tunani, ta dawo da ita baya, ta yi lilo kaɗan, ta tsaya.

"Kunya take ji," in ji Auta. "Ba ta saba da baƙi ba."

Tafinta ya fassara. Baƙon ya gyaɗa kai da ladabi.

"Kuma fitilun nan sun yi mata yawa. Ga idon jama'a. A gida ba ta taɓa yin haka ba."

Baƙon ya tambaya, a ina take zama a gidan? Auta ya ce a baranda. Mutane suna wucewa ta wurin? Auta ya ce gidansa gidan jama'a ne, ƙafa ba ta ɗaukewa. Baƙon ya yi murmushi. A nan ne mai wanki ya miƙe daga ƙarshen layi.

"A gaya wa baƙo ni dai ina turawa. Duk ranar da na kai guga, shiga da fita."

"Ƙarya yake," in ji Auta. "Haushin zanen gado ne."

Baƙon ya ce ba ya son rigima, amma kimiyya tana son ƙidaya. Ya roƙi duk wanda ya taɓa tura tayar nan ya ɗaga hannu. Mai wanki ya ɗaga. Tela ya dubi silin ya ɗaga. Mai keke, da ya dawo daga ban-ɗakin da bai je ba, ya ɗaga daga bakin ƙofa. Direba ya ɗaga, matan layi suka ɗaga, har limamin unguwa ya ɗaga nasa rabi. Daga ƙarshe Amarya ta ɗaga gwiwar hannu, domin da ita ta saba.

Auta ya buɗe baki zai yi magana, sai aka ji wani abu ya ce fat. Yis da sukarin nan sun sha rana a mota, sun sha zafin fitilu a dandamali, haƙurinsu ya ƙare. Robar farko ta tashi ta doki ƙwallon ƙarfe. Ta biyu ta bi ta kan tafinta. Sauran suka biyo baya ɗaya bayan ɗaya, jar kumfa tana feshi har layin gaba. Shugaban jami'a ya kare fuskarsa da takardar shirin taro, rigarsa ta karɓi sauran. Farin mayafina ya samu rabonsa daga kafaɗa zuwa gwiwa. Nauyin kwalaben da ya sauya ya sa tayar ta yi zagaye guda da kanta.

"Ga ta nan," in ji Auta. "Ta tashi."

Ta sake tsayawa. Dattijuwar ta matso, ta lakaci kumfar da yatsa, ta shinshina, ta yi wa tafinta magana tana dariya har da hawaye. Tafinta ya goge wuyansa ya ce, "Ta ce yis ne da sukari. Ta ce a gaya wa malam, a nan kam akwai ƙarfi na gaskiya, sai dai ta sama ya bi."

Ɗakin ya ɗauki dariyar da ban taɓa jin irinta a jami'a ba. Cikin wannan hali mai gabatarwa, wanda bai san abin da zai yi ba sai bin takardarsa, ya kira ni in yi jawabin godiya. Abokiyar aikin nan tawa ta matso da bakinta kusa da kunnena.

"Malama Babba, ko kin san mutumin nan?"

Ta san shi sarai, ta ci abincin bikinsa. Na dubi Auta. Yana tsaye shi kaɗai a gefen da'irar, jan ruwa yana ɗiga daga gemunsa, yana kallon hannuwan da ba su gama sauka ba. Rabona da ganin fuskarsa haka tun ranar da ya ɓata a kasuwa yana ƙarami.

"Ni na goye shi," na ce mata. Na miƙe.

Ban buɗe jaka ba. Na gode wa jami'a, na gode wa baƙi biyu bisa ƙa'ida, kowa da muƙaminsa. Sa'an nan na ce, "Mai wannan taya ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma ƙafafun da take tsaye a kai na gadon mahaifiyarmu ne. Na yi shekaru ina rubuta wa ɗalibai a allo cewa ƙarfi ba ya fitowa daga babu, suna kwafa suna mantawa. Yau ya sa unguwa guda ta ɗaga hannu ta nuna inda yake fitowa, kuma ina da tabbacin ba yaron da ke ɗakin nan da zai manta. Saboda haka ina gode masa shi ma. Ya gaya min tun farko cewa mutum uku zan gode wa, ban yarda ba. Wankin rigar shugaban jami'a kuwa, akwai ƙwararre a layi na tsakiya."

Aka yi tafi mai tsawo, har baƙin suka miƙe tsaye. Abokiyar aikina ma ta tafa, da yatsu biyu. Kafin a tashi, masanin fiziks ya roƙi Auta ya bar wa jami'a tayar don koyar da ɗalibai, in an sauya ruwan. Auta ya goge gemu, ya ce ya amince saboda ci gaban ilimi. Kafin mu kai bakin mota na ji yana gaya wa mai gadi cewa jami'a ta karɓi injinsa, baƙin sun rasa ta cewa.

Wannan shi ne abin da ya faru. Kwamiti ya sake gayyatata jawabin baɗi, wanda ya isa amsa ga masu cewa sunana ya zube. Masu cewa ina cikin waɗanda suka ɗaga hannu kuwa, hoton taron yana nan, hannuwana biyu suna kan jakata.

Ba-Ta-Gajiya yanzu tana wani siririn lungu a sashen fiziks, ɗalibai suna karkacewa su wuce ta, kuma an ce ba mai shiga jarrabawa bai tura ta ba. Auta yana zuwa duba ta duk mako, ya dawo ya ba da rahoton cewa tana nan tana aiki. Kwanan baya ya matsa sai na raka shi. Gwiwarsa ta fara ba shi wahala, don haka na riga shi hawa matakala. Lokacin hutu ne, lungun ba kowa, tayar tana kai kwalbarta ta ƙarshe sama da ƙyar. Ina jin takunsa da numfashinsa a bayana, yana cewa, "Yaya, tana yi ko?"

Lungun ƙunci gare shi, dole na karkace.

"Tana yi, Auta," na ce. "Hawo a hankali."